Ranar zaman NDIS, ki ajiye "da sauƙi" a gida

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ne. Na ga tambayarki tun da asuba, sai yanzu na samu zama. Kin ce shekararsa 52, shanyewar ɓarin jiki ta same shi bara, takarda ta zo cewa NDIS, wato tsarin gwamnatin Ostireliya na tallafa wa masu larurar nakasa, ta karɓe shi, an sa muku ranar zaman tsara taimakon da za a ba shi nan da mako biyu, amma ba ki san me za ki faɗa ba, ba ki ma san ko kuɗi za a riƙa turo muku ba. Mu a nan birnin Melbon shekara biyar ke nan muna ciki, tun da Abban yara ya yi haɗarin mota lakarsa ta taɓu, ya koma kan keken guragu.

Maganar kuɗi tukuna. NDIS ba albashi ba ne. Ba ta biyan kuɗin haya, cefane ko wutar lantarki, kuma kuɗin likita da magani na Medicare ne, wato inshorar lafiya ta gwamnati, da sauran tsarin lafiya. Abin da take yi shi ne ta ware wani adadi da sunansa, a riƙa biyan masu yi masa hidima da kayan da larurarsa ta jawo buƙatarsu. Ba a duba albashinku ko abin da kuka tara. Kuɗin hannu na mai larura da na mai jinya kuwa, wannan Centrelink za ki tuntuɓa, ofishin gwamnati mai biyan kuɗin tallafi, ƙofarsu daban. Don masu karantawa da ba su nema ba tukuna: sai mutum yana ƙasa da shekara 65 lokacin nema, yana zaune a Ostireliya, kuma ɗan ƙasa ne ko mai takardar zaman dindindin. Bizar karatu ba ta shiga.

To, zaman nan da za ku yi shi ne komai, kuma a nan muka yi wa kanmu ɓarna a karon farko. Ba laifin kowa ba ne, tarbiyyarmu ce. Ranar na tashi tun ƙarfe biyar na yi masa wanka, na sa masa farar shadda da hula, na turara falo, har shayi na dafa. Matar da ta zo ta tambaye shi yadda yake yin wanka. Ya gyara zama ya ce Alhamdulillah, ana lallaɓawa. Shiga bayi fa? Ya kalle ni, na sunkuyar da kai, ya ce babu matsala. Ta juyo wajena ta ce ke fa, kina iya ɗaukar hidimar? Na ce ai mijina ne, dole na yi. Duk ta rubuta. Abin da ba mu faɗa ba shi ne sau biyu muna faɗuwa tare a banɗaki, ina tashi sau uku cikin dare in juya shi don kada ya yi gyambon kwanciya, kuma bayana ya riƙe har a zaune nake sallah. Da takardar ta fito, awannin mai taimako da aka ba mu ba su kai rabin buƙata ba. Me za mu ce? Abin da bakinmu ya faɗa aka ba mu.

A wajenmu "da sauƙi" ladabi ne da tawakkali, ko mutum yana gargara haka zai ce. Su kuwa a matsayin bayani suke ɗaukarsa. Kuma duk abin da kika ce kina yi masa, ana lissafa shi a matsayin taimakon iyali da yake samu, ba za a biya wani ya yi ba sai kin nuna ya fi ƙarfinki. Faɗar gaskiyar halin da ake ciki ba butulci ga Allah ba ne, ba kuma tona asirin miji ba ne. Ni sai da wata dattijuwa 'yar Sudan a masallacinmu ta zaunar da ni ta faɗa min haka sannan zuciyata ta sake.

Ki samu littafi daga yau, ki riƙa rubuta komai har ranar zaman: ƙarfe nawa ya tashi, minti nawa wanka ya ci, wa ya ɓalle masa maɓallin riga, ko yana ƙwarewa wajen cin abinci, ko magana tana sarƙe masa, sau nawa ya nemi faɗuwa. Ranarsa mafi muni za ki bayyana, ba ranar da ya tashi da ƙarfi ba. Ki zauna da shi tun kafin lokacin ku yi maganar, don namijin Bahaushe ba zai so a ce a gaban baƙuwa matarsa ce take yi masa tsarki ba. Abban yara cewa ya yi in rubuta, ya sa hannu, a miƙa takardar kawai ba sai an karanta a gabansa ba. Haka muka yi a karo na biyu. Ki haɗa da rahoton likitansa, na mai gashin jiki, da musamman na wanda suke kira OT, mai auna abin da mutum ke iya yi wa kansa a gida. Rahoton da ya ce ga abin da ba ya iyawa da awa nawa yake buƙata ya fi wanda ya tsaya kan sunan cuta amfani nesa ba kusa ba. In Turancin yana ba shi wahala bayan ciwon, ko kun fi sakewa da Faransanci ko Larabci, ku nemi tafinta, kyauta ne. Lambar masu tafinta ita ce 131 450.

Za su tambaye shi burinsa. Kada ya ce lafiya kawai yake so, don kowane kuɗi ana ɗaura shi ne a kan wani buri da aka rubuta. Namu mun rubuta cewa yana so ya koma zuwa sallar Juma'a, ya iya yin wanka ba tare da matarsa ta ɗaga shi ba, ya kuma koma aikin lissafi ko da daga gida ne. Burin Juma'ar nan shi ya ba mu mai rakiya da kuɗin sufuri. Ku kuma faɗa tun a nan cewa namiji yake so ya riƙa yi masa wanka. Haƙƙinsa ne ya zaɓi wanda zai taɓa jikinsa.

Kuɗin kan zo kashi-kashi. Wanda za ki ga an rubuta Core shi ne na hidimar yau da kullum, kamar mai wanka, mai rakiya da ƙunzugun manya, kuma ya fi sauran sassauci. Capacity Building na masu gashi da koyar da magana ne, Capital kuma na manyan kaya ne da gyaran gida. Kayan da ba su kai dala 1,500 ba ba su da wahalar samu, amma abin da ya haura 15,000, irin keken lantarki, sai da rahoton ƙwararre da takardar farashi. In gidan haya kuke, gyaran banɗaki sai mai gida ya yarda a rubuce, ki fara lallaɓarsa tun yanzu.

Sannan za a tambaye ku wa zai riƙe kuɗin. Hanya uku ce: hukumar NDIA mai gudanar da NDIS ta riƙe, ku riƙe da kanku, ko a ba ku manajan da zai riƙa biyan rasit. In hukuma ta riƙe, sai kamfanonin da ke da rajista kaɗai za ku ɗauka. In kun riƙe da kanku, kowane rasit sai kin adana shi shekara biyar, kuma mai jinya ba ta da wannan lokacin. Ni shawarata ki ɗauki manaja. Ladansa daban ake ƙarawa, ba a cikin kason maigida ake yanka ba, kuma ta hanyarsa muka ɗauki wani yaro Musulmi mai zaman kansa wanda ya san yadda ake taya mutum alwala.

Da takardar ta fito, waya za ta fara ƙara. Kada ki sa hannu a yarjejeniyar kowane kamfani a tsaye. Wani kamfani da muka fara da shi ya caje mu cikakken kuɗin kwana biyu da maigida yake kwance a asibiti, saboda a shafi na huɗu an rubuta sai an ba su sanarwar kwana bakwai. Ban karanta ba. Ki duba sharaɗin sokewa, kuɗin tafiyar ma'aikaci zuwa gidanku, da farashin Asabar da Lahadi, don ya fi na sauran ranaku tsada sosai. Awa ɗaya ta OT tana kaiwa kusan dala 194, kin ga adadin da ya yi miki kama da dukiya a takarda yana iya narkewa kafin Babbar Sallah. Tun watan Mayun 2025 ma yawanci wata uku-uku ake sakin kuɗin, abin da ya rage yana bin zango na gaba, amma ba a cin na gaba tun yau. Dokar kuma ta ƙara tsauri daga 3 ga Oktoban 2024, akwai jerin abin da aka yarda a saya da wanda ba a yarda ba, saboda haka ki tambayi manaja kafin ki saya, ba bayan kin saya ba. Ki sa manhajar my NDIS a wayarki ki riƙa leƙa ragowar duk Juma'a. In wani kamfani ya wulaƙanta shi, akwai hukumar sa ido ta NDIS da ake kai ƙara, daban take da masu ba da kuɗin.

In abin da aka ba ku bai isa ba, kada ki ce ƙaddara ce ki yi shiru irin nawa. Kuna da wata uku daga ranar da hukuncin ya iso ku ku nemi a sake dubawa, in ba ku gamsu ba kuma akwai kotun bitar hukunce-hukuncen gwamnati, cikin kwana 28. Mu mun bari wata ukun ya wuce, sai da muka haɗa sababbin rahotanni muka bi doguwar hanya.

Ki kuma yi maganar hutun mai jinya a zaman, ko da kina jin ba za ki iya barinsa da wani ba. Ni shekara biyu ina ƙi, sai da aka kwantar da ni da kaina. Ki yi min magana ta akwatin sirri, in ɗauki hoton shafin littafina na makon farko in turo miki ki ga yadda na jera awannin. Ki gaishe da maigida da jiki.