Za mu sa wa 'yarmu Tumadir: wane suna zai raka shi?

Tambaya: Malam, ina da juna biyu, hoto ya nuna mace ce. Maigidana yana son a sa mata Tumadir, ni ma sunan ya kwanta mini, amma surukata ta ce ba ta taɓa jin sa ba. Wane suna za mu sa a tsakiya, kuma da wane laƙabi za mu riƙa kiran ta? Daga wata 'yar'uwa a Gwammaja.

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa. Sunan yana da asali. Tumadir bintu Amru shi ne sunan yankan sahabiyar nan ta ƙabilar Banu Sulaim da ta shahara da waƙen makokin ɗan'uwanta Sakhru. Sai dai duniya ba ta san ta da shi ba, da laƙabinta aka san ta, Khansa'u, wanda ya zama Hansa'u a bakinmu. Kin ga ke nan sunan ya zo da abokin tafiyarsa, kamar yadda Abubakar ke tafiya da Sadiƙ, Umar da Faruƙ, A'isha da Humaira. Ki gaya wa Hajiya cewa Hansa'u ce. Nan take za ta gane, ƙila ma akwai mai sunan a danginta.

Abin da nake so ki fi ba muhimmanci shi ne laƙabin. Ki faɗi Tumadir da ƙarfi, ki saurara. Ranar da malamin Islamiyya ya kira sunan a aji, kafin a tashi wani yaro ya ce "Tumatir", kuma irin wannan idan ya kama yarinya har gidan miji yake bin ta. Ba na cewa ku fasa, ko kaɗan. Ku dai riga 'yan unguwa. Tun daga ranar suna, mata na shigowa barka ana miƙa musu jaririya, ki riƙa cewa "ga Khansa'u nan". Abin da kakanni da yayye suka kama a makon farko shi ke zama. Haka Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya rayu: Kano duka Maitama take cewa.

Ban ba ki shawarar Ummi, Nana ko Walida ba. Waɗannan na sakayawa ne, ana yi wa wadda ta ci sunan kaka ko uwa don kunya. Idan ba haka abin yake ba, za a yi ta tambayar ki sunan wa ta ci.

Sai maganar takarda. Mu nan Kano gurbin tsakiya galibi na uba ne, na ƙarshe na kaka ko na gari, kamar Rabi'u Musa Kwankwaso. Fom ɗin NIN gurbi uku ne da shi, don haka idan Khansa'u ta shiga tsakiya, sunan uba ya koma ƙarshe, na kaka ya fita. Wannan ki zauna da maigida ku yanke, don wasu gidajen ba sa yarda a ajiye sunan kaka. Ni dai na fi son laƙabin ya shiga takarda, saboda idan ta girma ta ga da shi aka fi sanin ta, ba sai ta je kotu yin rantsuwa ta buga a jarida ba.

Ku kuma tsayar da rubutu ɗaya, Khansa'u ko Hansa'u, tun a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, kuma harafi ɗaya da ya saɓa da na WAEC ya isa ya sa uba yin sintiri a ofisoshi. Ki rubuta cikakken sunan da manyan baƙaƙe ki ba maigida ya tafi da shi, kada ya bar ma'aikaci ya rubuta yadda kunnensa ya ji.