Shin 'yan Mormon sun halatta ƙarya don kare addini?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne 'yan cocin Mormon sun yarda mutum ya yi ƙarya matuƙar addini zai amfana. Na zauna da su a jihar Utah ta Amurka lokacin karatu, kuma duk wanda na yi wa wannan tambaya cewa yake haramun ne. A rubuce ma haka yake, domin littafinsu mai tsarki, Littafin Mormon, ya ce bone ya tabbata ga maƙaryaci, makomarsa wuta ce, kuma aƙidarsu ta 13 da riƙon gaskiya ta fara. A 1993 Dallin Oaks, ɗaya daga manyan shugabanninsu, ya yi jawabi na musamman yana ƙin abin da masu suka ke kira ƙarya saboda Ubangiji.

Matsalar tana cikin tarihinsu. A watan Mayun 1844, Joseph Smith wanda ya kafa cocin ya tsaya gaban jama'a a garin Nauvoo, ya ce ana zarginsa da mata bakwai alhali ɗaya kawai yake iya gani. A lokacin an riga an ɗaura masa aure da mata da dama a asirce. Da jaridar Nauvoo Expositor ta tona maganar, hukumar garin da yake jagoranta ta sa aka farfasa injin buga ta, kuma wannan ya kai ga tsare shi a gidan yarin Carthage, inda aka kashe shi ranar 27 ga Yuni. Sai a 1852 cocin ya bayyana auren mata fiye da ɗaya a fili. Bayan sanarwar daina shi a 1890 ma, an ci gaba da ɗaura wasu a ɓoye har aka sake fitar da wata a 1904.

Cocin da kansa ya amsa a 2014 cewa shugabannin farko sun yi musun da kalmomin da aka zaɓa da taka-tsantsan. Masu kare su kan ce jama'a ce da ake farauta, kuma suna kafa hujja da Littafin Ibrahim nasu, inda aka ce Allah ne ya umurci Ibrahim ya sa a ce Saratu 'yar'uwarsa ce. Wanda ya karanta fiƙihu zai ga kamanninsa da tauriyya, wato faɗin magana mai harshen damo.

Ni dai uzurin tsoro ina karɓarsa a kan maƙiyi mai neman ranka. Abin da zuciyata ta ƙi shi ne ɓoye wa mabiyanka, domin akwai waɗanda suka baro Ingila a shekarun 1840, suka sayar da dukiyarsu, ba tare da an gaya musu koyarwar auren mata fiye da ɗaya ba. Emma, matar Joseph Smith, ma ba ta san da yawancin auren ba, kuma ita ba maƙiyiya ba ce.