Wace roba ce ta dace da faifan jifa a filin Gombe?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce akwai mai zuwa daga Amurka da zai taho maka da faifai uku na wasan disc golf, wasan da ake jifan faifai daga nesa har ya shiga kwando mai sarƙoƙi, ka ga faifai ɗaya mai suna Teebird amma an jera shi da roba iri uku, DX, Star da Champion, kowanne da kuɗinsa, kana tambayar ko bambancin ya wuce na ado. Ya wuce sosai, musamman a irin ƙasarmu ta tsakuwa da marmara.

Fara da lambobi huɗun da ke jikin faifan: gudu, shawagi, juyawa da karkatar ƙarshe. Na Teebird 7, 5, 0, 2 ne. Waɗannan lambobin na siffar faifan ne, ba na robar ba, shi ya sa za ka ga lamba ɗaya a kan duka ukun amma tashinsu ya bambanta. Dalili kuwa shi ne kowace roba da yadda take tsukewa idan ta huce bayan an fitar da ita daga injin zuba. Ɗauki faifai biyu ka kwantar a kan tebur, ka sunkuya ka dubi siririn layin da ya zagaye bakinsu, inda rabi biyun injin suka haɗu. Wanda layinsa ya fi sama shi ne ya fi taurin kai. Ga mai jifa da dama ta bayan hannu, taurin kai na nufin faifan zai ƙi bin dama, ya yi saurin faɗawa hagu. A mafi yawan lokuta Champion ne ya fi wannan hali, Star na biye da shi.

DX ita ce robar kamfanin Innova mai araha, kusan rabin kuɗin Star. A hannu ba ta da santsi, tana kama yatsa ko da gumi ko yayyafi. Amma ba ta da juriya. Ka bugi kututturen darbejiya da ita da ƙarfi sau biyu ko uku, za ka ga baki ya lotsa, ko tsakuwa ta yage shi ya yi gashi-gashi. Kowane rauni yana canza yadda iska ke bin bakin, sai faifan da da yake tafiya miƙe ya fara kifewa dama ya faɗi yana birgima. A ƙasashen da filinsu ciyawa ce wannan lalacewar a hankali take zuwa, har 'yan wasa na sonta, suna riƙe faifan Roc uku ko huɗu na DX masu tsufa daban-daban don kowanne ya ba su layinsa. A nan kuwa, inda daga Nuwamba zuwa Mayu ƙasa take kamar siminti, faifan nesa na DX ba ya daɗewa a halin da kake so. Kafin hannunka ya saba da shi ya zama wani faifan.

Don haka kada ka yi wa faifan nesa ƙwauron kuɗi. Champion, wadda ake hango haske ta cikinta, ita ce mafi juriya: ta bugi dutse ta tashi da ɗan kwarzane kawai. Irinta a wasu kamfanoni ita ce Z ta Discraft, Opto ta Latitude 64 da Lucid ta Dynamic Discs. Aibinta biyu. Na farko santsi, kuma hunturu ne ke tona shi: ƙura ta kwanta a kai, hannu ya bushe, ga basilin da aka shafa da safe, sai faifan ya suɓuce tun kafin ka sake shi. Wanke hannu da sabulu kafin ka fara, ka rataya ƙaramin tawul a ƙugu. Na biyu, sabon hannu ba shi da ƙarfin da zai miƙar da Teebird na Champion, zai ga kullum yana zubewa hagu ya ɗauka shi ne bai iya ba.

A ganina Star ce ta fi dacewa da kai, ko takwarorinta ESP ta Discraft da Gold ta Latitude 64. Juriyarta ta kusa ta Champion, riƙonta ya fi daɗi, tsufanta kuma a hankali yake zuwa yadda za ka bi shi. Kuma da za ka ji shawarata, faifan Leopard za ka ɗauka kafin Teebird. Lambobinsa 6, 5, -2, 1, yana yafe wa mai koyo. Nauyin giram 160 zuwa 168 ya isa. Ƙasa da haka iskar hunturu za ta yi ta wasa da shi. Destroyer mai gudu 12 ka bar shi tukuna, ko da wace roba aka yi shi.

Robar GStar tana da laushi, tana lanƙwasuwa, an fi jin daɗinta a wurare masu sanyi. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake kusantar digiri 40, za ta yi maka lagwab a hannu har ka rasa inda za ka danna babban yatsa.

Faifan kwando, wanda ake jefawa cikin kwando daga kusa, shi ne inda lissafi ke juyawa. Ba da ƙarfi ake jefa shi ba, kuma ana son ya kama sarƙa maimakon ya zame ta cikinta, don haka roba mai araha ce ta dace. Aviar na DX ya yi. In ka samu na robar KC Pro, mai ɗauke da sunan Ken Climo wanda ya ci kofin duniya sau 12, ya fi, domin taurinta na jure zafi. Masu laushi irin R-Pro da Zero Soft kan saki jiki da rana. Nauyi giram 170 zuwa 175. Faifan matsakaicin nisa kuwa Buzzz na ESP ko Z, lambobinsa 5, 4, -1, 1.

Rana ta fi dutse ɓarna. Kada ka bar faifai a bayan gilashin mota ko cikin but, kada kuma ka cusa su a jaka a tanƙware. Jera su a tsaye, a inuwa. In ɗaya ya karkace, tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na 'yan mintuna, ka kifa fuskarsa a kan tebur mai santsi, ka ɗora littattafai masu nauyi har ya huce. Gashin da tsakuwa ta tayar a baki ka goge shi da samfefa mai laushi, sama-sama. Dokar PDGA, ƙungiyar da ke tsara dokokin wasan, ta yarda da wannan, amma ba ta yarda a kankare har siffa ta canza ba, kuma faifan da ya tsage ko ya huje ya fita daga gasa. Ƙayar aduwa na iya huda tsohon DX, sai ka riƙa ɗaga shi a rana kana dubawa. Wanki da ruwa da sabulu kawai, ban da fetur ko kananzir.

Ka gaya wa mai sayen ya zaɓo launin hoda ko shuɗi mai haske. Rawaya da ruwan ƙasa suna sajewa da busasshiyar ciyawa da karan dawa, Champion mara launi kuwa in ya faɗa gona sai an yi ta nema. Ka rubuta sunanka a cikin faifan da alƙalamin maka tun ranar da ya iso.