Kwamfuta ta ƙera makarin dafin maciji: yaushe zai iso gonakinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin karkara a kudancin Jihar Gombe. Da zarar damina ta kankama, ko lokacin girbi ya zo, ba ma rasa wanda za a kawo mana maciji ya sare shi. Na ji a rediyo wai yanzu kwamfuta ce ke ƙera furotin, har an yi makarin dafin maciji ba tare da jinin doki ba, wai kuma akwai furotin da ke cinye roba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, yaushe zai iso mu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri a kan aikin da kake yi. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai rediyo ba ta da lokacin faɗin inda gizo ke saƙar. Makarin da aka ƙera ɗin a jikin ɓeraye aka gwada shi, kuma ba na macijin da ya fi kashe mutanen yankinku ba ne. Bari mu bi abin daki-daki.

Yawancinmu mun san furotin ne a matsayin sinadarin gina jiki da ake samu a nama da wake da ƙwai. A wurin masana kuwa, furotin su ne ma'aikatan jiki. Su ke narka abinci, su ke ɗaukar iska a cikin jini, su ke sa jini ya daskare in an ji rauni. Dafin maciji ma taron furotin ne. Kowane furotin kamar carbi yake, an jera shi da duwatsu iri 20 da ake kira amino asid. Amma ba ya aiki yana miƙe. Sai ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa tasa ta musamman, kuma siffar nan ita ce aikinsa. Ka fasa ƙwai a tafasasshen mai ka duba: ruwan nan mai yauƙi da kake hango ƙasan kasko ta cikinsa, nan take ya zama fari fat, ya ƙame. Ba wani abu aka ƙara masa ba. Zafi ne ya warware naɗin, zarurrukan suka sarƙe da juna. Haka ma ciwon sikila da ya addabi gidajenmu: a jerin duwatsu 146 na ɗaya daga cikin sarƙoƙin furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, dutse na 6 kaɗai ya canza, shi ke nan ƙwayoyin jini suka riƙa lanƙwashewa kamar lauje.

To, gano wannan siffa shi ne ya daɗe yana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Max Perutz na Jami'ar Kambirij ya fara neman siffar furotin ɗin jini a 1937, bai ga haske ba sai a 1959. Shekara 22 a kan furotin guda. Daga nan aka yi ta tarawa ɗaya bayan ɗaya a wani rumbu na duniya da aka buɗe a 1971, zuwa yau siffofin da ke ciki sun haura dubu 200. Da wannan rumbu, guminsu na shekara 50, aka horar da manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind da ke Landan. A 2020 ta shiga gasar hasashen siffar furotin ta ba kowa mamaki, zuwa 2022 kuma an saki hasashen siffofi sama da miliyan 200, kyauta ga duk mai intanet.

David Baker na Jami'ar Washinton da ke Siyatil shi kuma ta baya ya biyo. Maimakon a ba shi jeri ya faɗi siffa, sai ya zana siffar da yake so, kwamfuta ta nemo jerin da zai naɗe ya ba da ita. Tun a 2003 ya yi wani furotin mai duwatsu 93, Top7, wanda ba a taɓa ganin irinsa a jikin wata halitta ba. Shi ne ya karɓi rabin kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2024, Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind suka raba ɗaya rabin.

Yanzu ga maganar maciji. Makarin da kake yi wa mutane allurarsa, hanyar yin sa ta haura shekara 120, tun zamanin Albert Calmette na Faransa. A tatsi dafi, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan har jikinta ya ƙera garkuwa, a ɗebi jinin a tace. Yana ceton rai, wannan babu tantama. Amma yana da tsada, ruwansa na son firji, kuma ka sani sarai yadda wani kan fara ƙaiƙayi da huci da rawar ɗari minti kaɗan bayan an ɗaura masa, saboda jiki ya gane baƙon furotin na dabba. Ƙari a kan haka, mafi yawan abin da ke cikin kwalbar ba na dafin ba ne, garkuwar da dokin ya tara ce ta wasu cututtukan da ya gamu da su a rayuwarsa.

A watan Janairun 2025 mujallar Nature ta buga aikin Susana Vázquez Torres daga ɗakin binciken Baker, tare da Timothy Jenkins na Jami'ar Fasaha ta Denmak da wasu abokan aiki. Sun nufi wani dangin guba da ake kira mai yatsu uku, saboda siffarsa kamar tafin hannu ce da yatsu uku a miƙe. Ita ce babbar makamin dangin kumurci da gamsheƙa da mamba. Wasu daga cikin irin wannan guba sukan je su toshe wurin da jijiya ke isar da saƙo ga tsoka. Shi ya sa za ka ga fatar idon wanda aka sara ta fara saukowa kamar mai gyangyaɗi, sai haɗiyar yawu ta gagara, sai numfashi ya tsaya. Masu binciken sun sa wata manhaja mai suna RFdiffusion ta zana ƙananan furotin da za su rungume gubar daidai wurin da take kama jijiya, kamar yadda baduku ke ɗinka wa wuƙa kube. Wuƙar na nan, amma ba ta yanka.

Kada ka ɗauka kwamfuta ce ta tofo magani a kwalba. Zane kawai take bayarwa, kuma da yawa daga zanen ba sa aiki. Sai an sayo ƙwayar halittar da ke ɗauke da jerin, an cusa ta cikin bakteriya, an bar su su kwana suna girgiza a cikin ruwan abinci mai ɗumi. Da safe ruwan da ka bari garau ya yi duhu kamar tsamiyar da aka jiƙa, ga wani ɗan wari da duk wanda ya yi wannan aiki ba ya mantawa. A fasa ƙwayoyin, a tace furotin ɗin, a gwada ko ya kama gubar. Wanda ya ɗan kama a mayar da shi kwamfuta a gyara, a sake. Da haka suka samu waɗanda suka kare ɓeraye daga gubar da za ta kashe su: kashi 80 zuwa 100 cikin 100 suka rayu, gwargwadon irin gubar da yawanta. Kuma ƙananan furotin ɗin suna jure zafi, wasu har sama da digiri 70 ba su warware ba. Ga mutumin da ke aiki inda wutar lantarki sai an ga dama, wannan ba ƙaramin albishir ba ne, kuma ni a ganina shi ne mafi daraja a cikin aikin gaba ɗaya.

Amma ɗan'uwa, ka fi ni sanin wanda ke cika muku gadaje. Kububuwa ce, wadda ake wa kirari da gobe da nisa. Ita ba ta dogara da guba mai yatsu uku ba. Dafinta cike yake da wasu furotin masu aiki kamar almakashi, suna yayyanka bangon jijiyoyin jini, suna kuma kunna daskarewar jini ba ƙaƙƙautawa har abin daskarewar ya ƙare ƙarƙaf. Shi ya sa mutum zai zo da ƙafarsa yana hira, washegari dasashi na zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja. Kuben da aka ɗinka wa wuƙar kumurci ba zai shiga almakashin kububuwa ba. Haka ma macijin kasa.

Ko a dangin kumurcin ma da sauran tafiya. Guba guda aka ware aka yi wa ɓerayen allurarta, alhali cikakken dafi na ɗauke da iri-iri masu yawa. An ba su makarin ne ko dai a gauraye da gubar, ko bayan minti 15 zuwa 30. Manomin da ke zuwa wurinka kuwa ya yi awa shida a hanya, wataƙila ma ya kwana a wurin mai maganin gargajiya tukuna. Sannan ƙaramin furotin ƙoda kan tace shi da wuri, dafi kuwa yana ci gaba da tsiyayowa daga wurin saran. Sai an tabbatar ba ya cutar da mutum, an gwada shi a mutane mataki-mataki, hukumomi sun amince, an samu kamfanin da zai yarda ya sarrafa shi don talakan da ba shi da kuɗin saye. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro, domin mun gani: kamfanin Sanofi ya daina yin Fav-Afrique, makarin da Afirka ta dogara da shi, don ba ya kawo riba, ragowar kwalaben suka lalace a 2016. Ilimi bai gaza ba a lokacin, kasuwa ce ta juya baya. Don haka in ka tambaye ni yaushe, zan ce maganar shekaru ce masu yawa, kada ka sa shi a lissafin daminar bana ko ta baɗi.

Abin da na fi sa wa ido game da kububuwa ma ba furotin ba ne. Almakashin dafinta ba ya yanka sai da sinadarin zink. Masana a Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful sun gwada wani tsohon magani, unithiol, wanda da ma ake ba waɗanda gubar ƙarfe ta shiga jikinsu, don ya kame zink ɗin. Ya kare ɓeraye, an kuma gwada lafiyarsa a jikin masu sa kai a Kilifi ta ƙasar Kenya. Ƙwaya ce ta haɗiya. Ka yi tunanin a ce akwai ta a aljihun ma'aikaci irinka, a ba mutum tun kafin a ɗora shi a babur. Ba a kai ga tabbatar da ita a kan waɗanda maciji ya sara ba tukuna, kuma ko ta tabbata, taimakon farko za ta zama, ba madadin makari ba.

Batun roba kuwa, shi ma gaskiya ne. A 2016 masana a Japan suka ba da labarin wata bakteriya da suka samo a wurin tara tsofaffin gorunan roba a garin Sakai, tana da furotin da ke tsinka robar gorar ruwa da lemo. Kamfanin Carbios na Faransa ya gyara wani makamancinsa, a 2020 ya nuna yana narka kashi 90 cikin 100 na irin wannan roba a cikin awa 10, a sake yin sabuwar gora da abin da ya fito. Sai dai a cikin tankin masana'anta ake yi, da niƙaƙƙiyar roba da zafi mai yawa. Ledar fiyawota da baƙar leda da ke toshe mana kwatoci kuwa wani irin ƙulli gare su daban, wannan furotin ba ya taɓa su.

In kana son shaidar cewa furotin ɗin da aka zana a kwamfuta na iya kaiwa ga jikin ɗan Adam, akwai ta: a 2022 Koriya ta Kudu ta amince da rigakafin korona mai suna SKYCovione, wanda ginshiƙinsa a cibiyar Baker aka zana shi. To amma korona ta taɓa masu kuɗi. Saran maciji, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, sai a 2017 ta mayar da shi jerin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su. Masananmu irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero sun daɗe suna wannan kira, kuma da su aka gwada makarin EchiTAb a Kaltungo, wanda aka yi da dafin kububuwar ƙasar nan.

Kafin sabon ya iso, abin da ke hannunka shi ne mai ceto. Ka ci gaba da faɗa wa mutanenka: ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya, baƙin dutse kuma ɓata lokaci ne. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauko shi. In ya iso, ka yi gwajin nan na minti 20 da David Warrell da abokan aikinsa suka bayyana a shekarun 1970 daga aikinsu a arewacin Najeriya. Ka zuba kamar mililita 2 na jininsa a sabuwar kwalbar gilashi, busasshiya, wadda sabulu bai taɓa ba. Ta roba ba ta yi, domin gilashin ne ke tayar da daskarewar. Ka ajiye ta, kada kowa ya girgiza. Minti 20 na cika ka karkata ta sau ɗaya a hankali. In jinin ya gangaro kamar ruwa, dafi ya shiga, makari yake buƙata yanzu-yanzu, ko da yana zaune yana ce maka shi lafiyarsa ƙalau. In babu a wurinku, a tura shi inda akwai ba tare da jiran gari ya waye ba. In an yi masa, ka ajiye allurar adirenalin kusa da hannunka ko da jikinsa zai ƙi makarin, sannan bayan awa 6 ka sake ɗibar jinin ka gwada.