Amsar Kawu kan dutsen da kake son tsintowa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce makaranta za ta kai ku Pilgrim's Rest, tsohon garin mahaƙa zinariya da ke tsaunukan Mpumalanga a Afirka ta Kudu, kana tambaya ko laifi ne ka tsinci dutse mai ƙyalli ka zo da shi tsaraba. Na yi murmushi, amma hankalina bai kwanta ba. Ba ka tambayi hanya ba, ba ka tambayi sanyi ba, sai abin sa wa a aljihu.

Hanyar tukuna. Daga Johannesburg tafiyar sa'a huɗu zuwa biyar ce a mota, ƙarshenta hawa da gangara da kwana-kwana. Direba ya sauko da ƙaramar giya, don in ya dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa. Yuni da Yuli sanyi ne mai shiga ƙashi, daga Nuwamba zuwa Maris kuma ruwa da hazo. Ka ɗauki rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa.

A 1873 wani Alec Patterson, wanda ke tura kayansa a baro, ya ga zinariya a rafin wurin. Kafin a ce kwabo kwarin ya cika da tantuna. Daga baya kamfani ya karɓe aikin, har haƙar ta tsaya a farkon shekarun 1970, a 1986 kuma aka ayyana garin duka wurin tarihi. Gidajen kwano da katakon da za ka gani doka ce ke tsaron su, har da ƙusa da tsohon shebur.

In kun hau maƙabartar garin, ka tsaya ka lura. Kaburbura suna kwance gabas da yamma, guda ɗaya tak ya gitta kudu da arewa, shi suke kira kabarin ɓarawo. Yadda mutanen garin ke ba da labarin, wani ne aka kama yana sata a tanti. Ka tuna lokacin ba ƙofa ba kwaɗo, mutum ya wuni tsugune cikin ruwan sanyi, ya ƙulle abin da ya samu a tsumma ya tura ƙarƙashin shimfiɗa, amana ce kawai ke gadin sa. Mahaƙan suka taru suka kore shi, suka ce kada ya sake dawowa. Ya dawo. Aka hange shi a kan tudu, aka harbe shi, aka binne shi a nan, aka karkatar da kabarin don duk mai wucewa ya san abin da ya aikata. Manyanmu kan ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma tun muna yara ake hana mu nuna kabari da yatsa. Yanzu sai ka ga yaro ya jingina da dutsen kabari yana ɗaukar kansa hoto yana dariya. Kada in ga irin wannan a wayarka.

In zinariya kake son gani, akwai wurin da jagora ke koya wa baƙi rairaya da kwano. Ka zuba ƙasar rafi kashi biyu bisa uku na kwanon, ka nutsar da shi a ruwa, ka murtsuke laka da yatsu, ka tsince tsakuwa. Sai ka girgiza hagu da dama. Zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19, yashi bai kai sau 3 ba, shi ya sa take sauka gindin kwano. Ka ɗan karkata shi ruwa ya share na sama, ka daidaita, ka sake girgizawa, haka har ya rage baƙin yashi cikin cokali. Masu gaggawa suna karkatawa ba su girgiza ba, sai ta bi ruwa. Maiƙo a hannu ko a kwano kuma yana sa ƙananan ƙwayoyin su yi iyo su tsere, don haka kada ka shafa komai kafin ka fara.

Dutsen da kake hange kuwa, galibi zinariyar ƙarya ce. Ka danna da tsinin allura: ta gaske tana lotsawa, ta ƙarya tana farfashewa. In kuma ta gasken ce, dokar ƙasar ta hana riƙe ɗanyar zinariya ba lasisi, kai kuma baƙo ne mai bi ta filin jirgi. Tsofaffin ramuka ko leƙawa kada ka yi, katakon tokare ya ruɓe, iskar ciki tana sumar da mutum tun bai ji wari ba. Ruwan da ke kusa da tarin ƙasar haƙa ma ba na sha ba ne, don da guba aka riƙa tace zinariya.

Ko tsintuwa ta halatta inda mai abu ya daɗe da rasuwa, wannan magana ce mai tsawo, sai ka dawo mun zauna. Kafin nan, duk abin da hannunka ya kai gare shi ka tambayi jagora, matambayi ba ya ɓata. Ka gaida abokan karatunka, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.