Zauren gidanmu na Tawa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce bayan damina za ka taso daga Yamai ka gyara zauren gidan kakanku, ka shafe shi da siminti ka zuba kujerun kushin, kana kuma tambaya me ya sa magabata suka bar shi wayam, daga tabarma sai randa. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da gida.

Ba rashi ya sa suka yi haka ba. Zaure na jama'a ne. Nan ake ɗaurin aure da raɗin suna, nan ake karɓar gaisuwar mutuwa, baƙon da dare ya riska nan yake kwana. Tabarmar kaba in mutane sun yi yawa sai a ƙara shimfiɗa wata, in an watse a naɗe a jingine. Kujera shida kuwa mutum shida za ta ɗauka, kuma manomin da ya shigo da ƙurar gona a ƙafa zai ji nauyin hawanta, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Wannan ne ba na so.

Kayan zaure kaɗan ne: buzun mai gida, randa da moda a lungu, buta, alkukin fitila a jikin bango, gafaka a rataye.

Adon a sama yake. Ɗaga kai ka dubi bakan gizon nan, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, yadda suka haɗu a tsakiya, da tasar da aka manna a mahaɗarsu, da azarar giginya da aka jera, wadda gara ba ta cika damunta ba. Dagin da ke bisa ƙofa, da hannu magini ya fitar da shi tun laka tana ɗanya. Ka kuma lura ƙofar shiga cikin gida ba ta kallon ta waje, don idon baƙo kada ya kai kan iyali. Kada ka bari a daidaita su.

Siminti a kan bangon ƙasa danshi yake riƙewa, wata rana ya ɓamɓaro ya tafi da zanen. Nemi maginin gargajiya ya yi yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasa da shi. In kana ganin ginin ƙasa ba ya da daraja, ka ratsa Yama ta wajen Illela ka ga masallacin da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya samu lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 1986.

Lantarki da fanka na yarda, amma a bi da waya ta inda babu zane. Ka zo da kujera ɗaya saboda tsofaffi masu ciwon gwiwa. A gaida iyali.