Me ake nufi da "bombshell" a kanun labarai?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin "drops bombshell" a kanun jaridun Turanci. Da farko na ɗauka labarin tashin bam ne, da na karanta sai na ga ba haka ba. Me kalmar take nufi, kuma yaya ake amfani da ita? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Malama, zatonki bai yi nisa da gaskiya ba, domin asalin kalmar sunan harsashin igwa ne mai fashewa. Daga baya Turawa suka ara ta suna kiran labarin da ya faɗo wa jama'a bagatatan, ya girgiza su kamar saukar aradu. Yau wannan ma'anar ce ta fi yawo.

Sai labari ya zo ba zato, kuma ya sauya al'amura, kafin ya cancanci sunan. Ranar 1 ga Janairun 2012 'yan Najeriya suka wayi gari gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin man fetur, litar da ake saye naira 65 ta koma kusan naira 141. Waɗanda suka je gida hutun ƙarshen shekara, wasu kuɗin motar dawowa ma ya gagare su. Wannan shi ne "bombshell". Haka ma sanarwar murabus ɗin Fafaroma Benedict na 16 a watan Fabrairun 2013, abin da aka yi kusan shekara 600 ba a gani ba.

A nahawun Turanci kalmar suna ce da ake iya ƙirgawa, don haka tana tafiya da "a". Za ki ce "He dropped a bombshell", ko "The news came as a bombshell". A kanu ne kawai ake yar da "a" saboda ƙarancin wuri, kada ki kwaikwayi hakan a jarrabawa. Harafin "b" na tsakiya kuma ba a furta shi, "bomshel" ake cewa.

Idan asiri aka tona, "ya fasa ƙwai" ya dace da ita a Hausa. Amma ban yarda a riƙa liƙa mata wannan fassarar ko'ina ba, tunda murabus ko sanarwar gwamnati ba tonon asiri ba ne.

Za ki kuma ci karo da ita ana siffanta mace mai tsananin kyau, musamman a labaran 'yan fim na Amurka. Wannan ba ta dace da rubutun makaranta ko na ofis ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu neman a latsa labaransu a Facebook da YouTube suka mayar da ita abin ado, ko cacar baki aka yi sai su maƙala ta. In abin mamaki ne kawai, "surprising" ta wadatar, in kuma mai tayar da hankali ne, ki ce "shocking".